Kitikar Bayan Gidanmu

Daga mahaifinka, Garba Baduku na Kiru, zuwa ga ɗana Mamuda. Gaisuwa da sa albarka, da fatan jirgi ya sauke ka a Fatakwal lafiya, ka sami masauki na kirki da maƙwabta masu tsoron Allah. Mu nan ƙalau muke. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin ruwa da sharrin baƙunta, amin.

Bayan haka, ran da muka raka ka tasha na so in yi maka magana, bakina ya ƙi buɗuwa. Ka durƙusa, na ce Allah Ya kiyaye hanya, shi ke nan. Ba haka na shirya ba. Labarin gari ba zan cika ka da shi ba, yayanka zai rubuta maka. Ni abin da ke raina duk a kan motar nan yake da ka bar mana a ƙarƙashin rumfa bayan gida, domin a kanta na fi tafka kuskure, a kanta kuma na san irin ɗan da Allah Ya ba ni.

Ka tuna ran da ka kawo ta. Dawowarka ke nan daga Kano, bayan shekarun da ka yi a garejin tsohon sojan nan da ya koyo gyaran mota a yaƙin Bama. Ka ji labarin wata kitika, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, da wani Baturen kuza ya yasar a Riruwai, ta daɗe a gindin ɗorawa ruwa da rana suna dukanta. Ka yi ta zirga-zirga har aka sallama maka ita, lorin gyaɗa ya jawo ta da sarƙa. Ba gilashi, ba tamfol a kai, kujeru gara ta cinye sai wayoyi tsirara. Ina zaune a ƙofar gida da abokan hirata, na dube ta na ce, "To, ga Mamuda ya samo wa uwarsa akurki tun daga Riruwai." Aka yi ta dariya. Ka ji, na san ka ji. Ka zo ka gai da su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ka nemi masu taya ka turi.

Ba ƙiyayya ta sa ni faɗin haka ba. Abu ne ban san kansa ba, na ji tsoron a yi mini dariya a kansa, sai na riga kowa. Inda ka tafi za ka tarar da abubuwa da yawa da ba ka san kansu ba: abincinsu, maganarsu, yadda suke gai da manyansu. In ka ji bakinka yana ƙaiƙayin ba'a, ka tuna da ubanka a ƙofar gida, ka yi shiru tukuna har ka fahimta.

Daga nan na zama ɗan leƙe a gidana. Kullum ka tashi daga aikin lorori a tasha, ka yi la'asar, sai bayan gida. Ni kuma sai in ce zan je in duba fatun da na shanya. Fatun nan sun sha dubawa a shekarar nan. Abin da nake kallo shi ne yadda kake shimfiɗa tsohuwar tabarma, ka kwance ƙarfe, ka wanke shi da kananzir, ka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa bisa jerin yadda ka ciro su. Ko ƙusa ba ka jefarwa. Mahaifina haka yake jera kayan aikinsa, ni ban gaje shi a nan ba, ashe tsallake ni abin ya yi. Ran da injin ya tashi, awakin Innarka suka tsinke igiya, ni kuma na shige ɗaki don kada a ga fuskata.

Bayan kwana biyu ka same ni a zaure ka ce, "Baba, ƙarfe na iya, amma ciki sai ku." Ka san abin da maganar nan ta yi mini? Sirdi ya ja baya, masu dawaki sun ragu, mun koma ɗinkin kube da layu da takalma. Ga ɗana yana neman aikin hannuna. Na tafi kasuwar Bebeji da kaina na zaɓo fatun awaki a wurin majema, waɗanda ba su da ko ƙwarzane. Na rina su da karan dafi har suka yi ja wur. Na yi wa bangon ƙofofi ado da baƙi da tsanwa irin na sirdin manya. Na kitsa siririyar fata na naɗe sitiyari da sandar birkin hannu, na kitsa maɗauri mai kauri a kowace ƙofa don mutum ya riƙe in hanya ta yi gargada. Kujerar gaba kuwa na dinga ɗura mata audugar rimi har ta yi tozo, na shafe ta da man shanu tana ƙyalli. Duk wannan ban tambaye ka komai ba. Na ce a raina, wanda ya tsufa yana yi wa mutane wurin zama a bayan doki, yaro zai koya wa kujera?

Da muka ɗora ta, ka daɗe kana shafa ɗinkin da hannu. Ka yaba, kuma na ga yabon har zuci ne. Sa'an nan ka ce, "Baba, ku shiga ku zauna a wurin direba, ku taka mini wannan da iya ƙarfinku." Ka nuna mini matakin birki. Na shiga, hulata ta bugi rufi. Na taka. Ina takawa sai na ji bayana ya nutse cikin auduga, gindina ya zame a kan mai, ƙafata ta kasa kai shi ƙasa. Na sake, haka. Ka ce birkin motar nan na sanduna ne, ba shi da wani mataimaki sai ƙarfin ƙafa, ita kuwa ƙafa da baya take tokarewa. Iyakar abin da ka ce ke nan. Ba ka ce na yi kuskure ba, ka bar kujerar ta gaya mini.

Na farke ta. Na rage audugar, na sa katako a baya na lulluɓe shi da tsohon bargo, na goge man da toka, na yi ɗinki layi-layi a kan mazaunin don ya riƙe mutum. Kana shiga kana fita ina gwadawa, kamar yadda nake yi wa mai doki tun ina saurayi, kafin in fara ganin na wuce tambaya. To ka ji. Duk ranar da ka ƙware, ranar ce za ka fara mantawa da tambayar mai abu. A garejin da ka je, direban da zai hau motar da ka gyara ya san wani abu game da ita wanda kai ba ka sani ba, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya ba. Ka tambaye shi. In kuma babba ya yi kuskure a gabanka, ka riga ka iya gyara shi ba tare da ka kunyata shi ba. Kada birni ya raba ka da wannan.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi.

Da ciki ya kammala, a idona mota ta gama. Injin yana tashi, taya tana juyawa, mutane suna zuwa har daga Badafi su leƙa su ga kujeru. Sai ga saƙo daga Doguwa cewa jikar Gwaggonka Hajara ta haihu. Ka san yadda nake da yayar nan tawa, ita ta goye ni. Ban shawarce ka ba na aika mata cewa ran suna a mota za mu zo, motar ɗana, ta shirya za a zaga da ita gari. Da na gaya maka, sai ka ce birki bai gama ba. Ka kwance taya ka nuna mini abin da ke matse ta daga ciki, wanda kuke kira lainin, ya cinye har ƙarfe na gogar ƙarfe. Ka ce ka ba da saƙo Kano, ba a samu irinsa ba tukuna.

Na ce wannan ai abu mai sauƙi ne. Na yanko ƙirgin sa, mai kaurin da ake tafin takalmi da shi, na ce ka manna. Ka san ba zai yi ba, amma ka karɓa da hannu biyu, ka sa maƙeri ya buga maka ƙusoshin jan ƙarfe, ka ɗaura. Muka fita filin bayan kasuwa inda ba gangara ba tudu. Takun farko ta tsaya, na dube ka ina murmushi. Kafin mu zaga filin mu dawo, hayaƙi ya turnuƙe daga tayoyi, wuri ya ɗauki ƙaurin ganda, karnukan mahauta suka biyo mu. Ka taka, ta wuce abinta sai da ta gaji don kanta.

Ko wannan bai ishe ni ba. Na ce to a mayar da tsohon, mu tafi a hankali, in ta ƙi tsayawa ga birkin hannu. Ka durƙusa ka ce, "Baba, ku gafarce ni. Ko da tsohon, in na taka hagu take ja. Hanyar Doguwa duwatsu ne. Ba zan ɗauke ku a cikinta ba, ba zan ɗauki Gwaggo ba."

Na ce, "Ni kake cewa ba za ka yi ba?"

Ka ce, "Duk abin da kuka ce zan yi, ban da wannan."

Ban taɓa jin kalmar ƙi daga bakin ɗana ba sai ran nan. Na tashi na bar ka a durƙushe. Na hau lori zuwa Tudun Wada, daga can na ƙarasa a kan jaki, na isa gidan suna ƙura har gira. Hajara ta fito ta duba bayana ta ce, "Garba, ina motar?" Na ce yaron ne ya yi taurin kai. Ta sa na ba ta labari duka. Da na gama ta ce, "Kai da kake sayar da linzami, ka taɓa barin ɗanka ya hau doki babu shi?" Duk da haka ban huce ba. Na dawo gida na yi kwanaki ina amsa gaisuwarka da ka. Kai kuwa ba ka fasa zuwa gaisuwa ba, ba ka kuma sake tayar da zancen ba.

Ni na yi alkawari da abin da ba ni ke da ikonsa ba, da na ga kunya ta taso sai na nemi in ɗora maka ita. Kada ka yi wa kowa alkawari da aikin da bai gama ba. Kuma wannan da ka yi mini, ina roƙonka ka yi wa duk wanda ya matsa maka, ko mai gareji ne, ko Bature ne, ko wanda abincinka ke hannunsa. Ka durƙusa in wurin durƙuso ne, ka tausasa harshe, amma kada ka sa hannu a mota ta fita alhali ka san ba ta tsayawa. Wanda ya iya ce wa ubansa a'a da ladabi, ban ga wanda zai gagare shi ba.

Lainin ya iso tsakiyar damina, na lori ne ma, ka yanka shi ka goge har ya zauna daidai. Na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Sati da sati kana ɗaga motar a kan jak, ka shiga ƙarƙashi, ka ƙara wa wannan sanda ka rage wa waccan, ka fita fili ka taka, ka sauko ka tsuguna kana duban sawun taya a ƙasa. In sawun hagu ya fi na dama tsawo ko da taƙi ɗaya, sai ka koma ƙarƙashi. Mutane suka fara cewa motar Mamuda ta iya tsayawa, tafiya ce ba ta iya ba. Wannan karon ban taya su dariya ba.

Ƙarshen damina ka zo ka ce, "Baba, in kun shirya mu je mu gai da Gwaggo." Muka je. Ka zaga da ita gari, tana riƙe da maɗaurin ƙofa da hannu biyu tana salati, ta sauko ta tofa maka albarka a ka. Washegari da hantsi muka kamo hanyar gida, bayan ruwan da aka kwana ana yi.

Ba mu yi nisa da Doguwa ba muka ga mutane a bakin hanya kusa da wata ruga suna ɗaga hannu. Wani magidanci ne, Ja'e, bijiminsa ya soke shi a cinya. Sun ɗaure da tsumma, jini ya ƙi tsayawa, leɓɓansa sun yi fari. Malamin asibiti mafi kusa yana Tudun Wada. Ka ce a baya girgiza za ta ƙarasa shi, a sa shi gaba. A nan ne, Mamuda, na buɗe baki na ce a kawo buzu ko tabarma a shimfiɗa tukuna. Mutum na zubar da jini, ni ina tunanin jan fatata. Ban san ko ka ji ba. Ka riga ka tallabo shi kai da ƙanensa kun kwantar da shi a kujerar, kansa a cinyata. Da na ji ɗumin jininsa ya ratsa wandona, hankalina ya dawo. Na zaro wuƙata na yanke maɗaurin ƙofar nan da na kitsa, na ɗaure masa cinya sama da ciwon, na sa kube na murɗa. A duk abin da na ɗinka wa motar nan, shi ya fi amfani.

Muka iso rafin da ake ratsawa ta cikin ruwa. Ya kawo har cibiyar taya. Ka ratsa a hankali, muka hau tudu, sai na ga maimakon ka ƙara wuta kana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Na ce, "Taka ta mana, mutumin nan ƙarewa zai yi." Ka ce, "Baba, ku duba." Ka taka birki har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa ta ba. Ka ce ruwa ya shiga, sai ya bushe. Ka ɗora ƙafa ɗaya a kan birki, ɗaya a kan totur, kana jan ta a haka. Ƙanen Ja'e yana bugun rufi daga baya yana magiya da Fulatanci, ni ina faɗa, Ja'e yana nishi. Na dubi fuskarka, gumi na ɗiga daga haɓarka, amma ƙafarka ba ta canja ba. Sai da ka ji ta fara kamawa, ka gwada, ka sake gwadawa, sa'an nan ka sake ta. Ban san motar nan tana da gudu haka ba.

Can gaba, a gangaren da ke da kwana, muna karyowa muka tarar ruwan jiya ya zaftare rabin hanya ta hannun hagu, rami ya buɗe baki. Ka taka. Na ga bayanka ya manne da kujera, ba ka zame ba. Motar ta tsaya tsaf, ba ta karkata ko'ina ba. Na leƙa ta taga na ga ramin, na tuna wane hannu take ja a da. Ka lallaɓa ta gefen dama muka wuce.

Malamin asibiti ya ɗinke Ja'e, ya ce an kawo shi a kan gaɓa. Ya tashi, sai ɗan ɗingishi. Da kaka ya zo har Kiru da ƙwaryar man shanu, ya riƙe hannunka ya daɗe yana cewa miyetti, wato ya gode. Ni ma ya gode mini, na karɓa da kunya.

Abin da na gani ran nan shi nake so ka riƙe. Gaggawar mutane tana da ƙarfi, musamman in suna da gaskiya. Mu duka muna da gaskiya a motar nan, jini na zuba, amma da ka bi mu da duk mun kwana a ramin. In kowa na ihu a kanka, ka yi abin da ka san shi ne daidai, da saurin da ya kamata, ba da saurin da ake so ba. Kuma duk abin da hannunka ya yi, komai kyansa, don mutum aka yi shi. Ran da mutum ya buƙace shi kada ka tsaya neman buzu.

Tabon yana nan a kujerar. Na gwada lemon tsami, na gwada toka, ya ƙi fita, ya zama baƙi-baƙi a kan jan. Wani attajiri daga Bebeji ya zo bayan tafiyarka yana son motar, ya ce in an sallama masa sai in sake wa kujerar fata. Na ce ba ta sayarwa ba ce, fatar kuma ba za a sake ba. Na ɗora ta a kan duwatsu yadda ka ce, na rufe injin, yayanka zai riƙa tayar da ita ran Juma'a.

Sauran abin da zan ce kaɗan ne. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da hannunka duk baƙin mai ne, sabulu ba ya wuya. Ka nemi mutanenmu a can, amma kada ka tsaya a kansu kaɗai. Ka ci abinci. In ka yi rashin lafiya ka faɗa, kada ka ɓoye don gudun tayar mana da hankali. Ni sana'a a hannun mahaifina na koye ta, amma yadda ake aiki, da furfurata na koya a bayan gidana, a hannunka. Ban iya faɗa maka wannan ido da ido ba, ga shi na rubuta.

Innarka tana gaishe ka. Ba ta ce in gaya maka komai ba sai gaisuwa. Amma tun da ka tafi, kullum bayan azahar sai ta ɗauki faifanta da wakenta ta tafi bayan gida, ta buɗe ƙofar motar, ta zauna a wurin direba tana tsinta. Da na same ta a can ta ce wai wurin ya fi iska. Rumfar nan ka san ba iskar da ke shigarta. Na koma zaure na ɗinka mata ɗan matashi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka. Duk motar da ka taɓa Allah Ya kai ta lafiya Ya dawo da ita lafiya, da wanda ke ciki da wanda ke bakin hanya. Allah Ya haɗa ka da iyayen gida masu adalci, Ya tsare maka imaninka da lafiyarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba Baduku, Kiru.